IDAN MAGANI YA DAINA CI: JAWABI KAN TARI DA CIWON HAƘARƘARI

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta wa jama'a a azuzuwan manya da majalisun unguwanni na Karfi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga ɓangaren Malumfashi har zuwa Funtuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maigida kuma ya shiga da shi cikin gida, domin mata ne ke kwana da yaro mai tari.

Iyaye maza da iyaye mata, masu unguwanni, malamai da matasa, barkanku da kaka.

Damina ta wuce. An karya masara, an yanke dawa, ana cirar auduga. Hunturu ya shigo da ƙurarsa da sanyinsa. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Idan mutum ya bi ta lungu da dare, tari zai riƙa ji gida bayan gida. Ga ƙurar sussuka da rana, ga hayaƙin murhu da yamma, ga ɗaki a rufe ruf saboda sanyi. A irin wannan lokaci ne cututtukan maƙogwaro da na ƙirji suke yawa, kuma a lokacin ne cinikin kafso yake tashi.

Jawabin yau a kan wannan kafso ne, da sauran magunguna 'yan uwansa masu kashe ƙwayoyin cuta. Maganar a taƙaice ita ce: maganin nan ya fara daina ci. Yadda ake shan sa barkatai shi ne yake dakushe masa kaifi. Idan kuwa ya dakushe, kowa a gari zai ji a jikinsa, har wanda bai taɓa shan sa ba.

MISALI DAGA CIKIN GIDA

Ga misali. Abu ne da ke faruwa a gidaje da yawa, kuma kowa zai gane shi.

Wani manomi yana da ɗa ɗan shekara biyu. Wata rana da safe uwar yaron ta ce, "Malam, yaron nan ya kwana yana tari, ga majina." Malam ya tafi kasuwa. Mai tallar magani a faranti ya ƙirga masa kafso huɗu, ya ce a buɗe a zuba a koko. Aka ba yaro biyu. Bayan kwana biyu mura ta lafa. Sauran biyun aka ƙulle su a leda aka jefa cikin kwalla. Bayan wata guda mura ta dawo, aka ɗauko su aka ba shi. Haka aka yi ta yi har shekara ta zagayo.

Sai ga hunturu. Wannan karon abin ya bambanta. Jikin yaro ya yi zafi rau. Numfashinsa ya koma sama-sama. Ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska. Aka sayo kafso irin na kullum, bai ji ba. Aka ƙaro wani, bai ji ba. Sai da aka kwana uku, yaro ya daina karɓar ko ruwa, sannan aka ɗora shi a babur zuwa asibitin Malumfashi. Likita ya ce ciwon haƙarƙari ne, kuma ya yi nisa. Aka kwantar da shi, aka sa masa iskar taimakon numfashi, aka koma allura mai tsada. Kafin a sallame su, masarar da aka ajiye don bazara ta tafi kasuwa. Yaron ya tsira da ƙyar. Wani yaron ba ya tsira.

Abu biyu ne suka haɗu a wannan gida. Na farko, an yi ta ba yaro magani a lokacin da ba ya bukatarsa. Na biyu, ranar da ya bukace shi da gaske, an dogara da maganin da ba ya ci, har lokaci ya ƙure.

ƘWAYOYIN CUTA IRI BIYU NE

Ƙwayar cuta halitta ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani sai da madubin likita. Masu kawo tari da ciwon maƙogwaro manyan iri biyu ne.

Iri na farko ana kiransa bairus. Shi ne ke kawo mura, da majina, da atishawa, da yawancin tarin da ake yi da hunturu. Kafso ba ya taɓa bairus ko kaɗan. Jiki da kansa yake korar sa a cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da mai mura ke bukata shi ne hutu, da ruwa mai yawa, da abinci, da maganin sauke zafin jiki.

Iri na biyu ana kiransa bakteriya. Shi ne ke kawo ciwon haƙarƙari mai tsanani, wanda likitoci ke kira nimoniya. Shi ne kuma ke kawo tarin fuka, da tarin shiƙa, da mashaƙo. Domin bakteriya aka yi kafso da 'yan uwansa, irin su penisilin, da amoksisilin, da Septrin, da Ampiclox, da tetirasaikilin wanda aka fi sani da ja da rawaya.

Saboda haka wanda ya sha kafso don mura, ya harbi iska. Da ma murar za ta tafi da kanta, sai kafso ya karɓi yabo. Amma ɓarnar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba.

YADDA ƘWAYAR CUTA KE KOYON TURJIYA

Manomi ya fi kowa saurin gane wannan. A ce tsutsa ta shiga gonar auduga ko ta masara. An ce a zuba murfi biyu na maganin feshi a tanki, sai mai gona ya zuba rabin murfi don ya yi tattali. Tsutsotsi masu rauni za su mutu. Masu taurin rai za su tsira, su yi ƙwai. 'Ya'yansu za su gaji taurin ran iyayensu. Bayan 'yan shekaru sai a ji manoma suna cewa, "Maganin nan ya daina aiki."

Haka abin yake a jikin mutum. A cikin hanci da maƙogwaron mai lafiya ma akwai bakteriya suna zaune shiru, musamman a jikin ƙananan yara. Duk lokacin da aka sha kafso, ko don mura ne, maganin yana ratsa su. Masu rauni su mutu, masu turjiya su saura, fili ya zama nasu. Bakteriya kuwa saurin haihuwa gare ta. Guda ɗaya tana iya rabuwa biyu a cikin ƙasa da awa guda. Kafin kwana ɗaya ta zama dubbai. Har ma tana iya miƙa wa wata bakteriyar dabarar turjiyar da ta samu.

A lura da kyau. Ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba. Ƙwayar cutar ce ke gagarar magani. Kuma ba ta zama wuri ɗaya. Tari ɗaya ko atishawa ɗaya ya isa ya kai ta ga wanda ke kusa, a ɗakin kwana, ko a makarantar allo, ko a cikin motar haya. Jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa ɗanɗana magani ba, yana iya kamuwa da ƙwayar da ta gagari magani. Shi ya sa magani yake kamar rijiyar gari. Mutum ɗaya ya ɓata ta, kowa ya rasa ruwan sha.

ABIN YA TAƁA FARUWA A NAN

A shekarar 1928 wani likita mai suna Alexander Fleming ya gano penisilin a wani asibiti a birnin Landan. Kafin zuwan irin waɗannan magunguna, ciwon haƙarƙari yana kayar da ƙato majiyi ƙarfi a cikin mako guda. A 1945, lokacin da aka ba Fleming lambar yabo ta Nobel, ya yi gargaɗi. Ya nuna cewa idan mutane suka riƙa shan maganin ƙasa da ƙima, ƙwayoyin cuta za su koyi jure masa. Maganarsa ta tabbata.

Tsofaffi za su tuna wani magani da ake kira M&B. Ya fito a 1938. An yi amfani da shi da danginsa wajen maganin ciwon haƙarƙari da sanƙarau, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro take zama, ta numfashi kuma take yaɗuwa. A shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wata makarantar likitoci ta Libaful a Ingila sun yi aiki a nan ƙasar Malumfashi. Sun riƙa duba maƙogwaron jama'a, suka tabbatar cewa mutum yana iya ɗauke da ƙwayar sanƙarau alhali yana cikin ƙoshin lafiya. A waɗannan shekaru dangin M&B sun riga sun fara gazawa a kan sanƙarau a Arewa. Dole likitocin Zariya suka koma ga wasu magunguna. Wannan magani ɗaya ke nan da aka rasa.

A 1977, a Afirka ta Kudu, aka samu ƙwayar ciwon haƙarƙari da ta gagari penisilin da wasu magunguna da dama a lokaci guda. Yau ana samun irinta a kusan kowace ƙasa.

Kowa kuma ya tuna kulorokwin. Shekaru da yawa shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. A hankali ya daina ci, har gwamnatin Nijeriya ta sauya shi da wani a 2005. Cutar daban ce, amma darasin ɗaya ne.

Septrin ma haka. A da shi ake fara ba yaro mai ciwon haƙarƙari. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma amoksisilin. To, idan amoksisilin ya bi sahun na baya, me zai rage wa talaka a ƙauye?

DARASIN MASHAƘO

A 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Kano. A 2023 ta bazu zuwa jihohi da dama, har da Katsina, da Yobe, da Bauci, da Barno. Dubban mutane suka kamu, ɗaruruwa suka mutu, yawancinsu yara. Mashaƙo yana kama maƙogwaro. Wata fata mai launin toka tana rufe hanyar iska, wuya ya kumbura, dafin cutar kuma ya taɓa zuciya.

Tun da daɗewa penisilin yana cikin manyan magungunan mashaƙo. Amma da Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta gwada ƙwayoyin da aka ɗebo daga marasa lafiya, sai aka ga sun gagari penisilin. Yawancinsu sun gagari dangin Septrin da wani magani mai suna sifirofuloksasin. Wanda ya ci su shi ne eritiromaisin, sai aka koma kansa, tare da allurar karya dafi.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, uban da ya tsaya sayen maganin da ya saba a kemis, ya ɓata kwanakin da ɗansa ke bukata. Na biyu, mafi yawan yaran da suka kamu ba su kammala allurar rigakafi ba. Ga allurar kyauta a asibiti, amma ba a kai su ba.

TARIN FUKA MAI GAGARA

Tarin fuka yana warkewa. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Amma sai an sha magani kullum har wata 6. Matsalar ita ce, bayan wata ɗaya ko biyu mutum yakan ji ƙarfi. Tari ya ragu, nama ya fara dawowa. Sai ya ce ya warke. Wani ya tafi cin rani, wani ya koma gona, magani ya tsaya.

An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Cutar takan dawo, wani lokaci ta dawo da turjiya. Wanda ya kamu da irin wannan tarin, shi ma irinsa zai shafa wa matarsa da 'ya'yansa. A da, maganin tarin fuka mai gagara yana ɗaukar har shekara biyu, tare da allurai na watanni waɗanda kan kurmantar da wasu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗi na ƙwayoyi da ake sha wata 6. Wannan rahama ce, amma shi ma idan aka yi wasa da shi zai bi hanyar na baya. Kimanin mutum 400,000 ne ke kamuwa da tarin fuka mai gagarar magani a duniya kowace shekara.

Duk wanda ya yi tari na mako biyu ko fiye, musamman da rama da gumin dare, ya je a gwada majinar ƙirjinsa. Kada ya tsaya shan kafso yana canzawa daga wannan zuwa wancan.

YAWAN ASARAR

Masana sun ƙididdige abin da ya faru a shekarar 2019, suka buga sakamakon a 2022. Sun gano cewa mutum miliyan 1 da dubu 270 ne suka mutu a duniya a wannan shekara saboda ƙwayar cutar da ta kama su ta gagari magani. Idan aka haɗa da waɗanda turjiyar ta taimaka wajen mutuwarsu, adadin ya kusa miliyan 5. Cututtukan ƙirji su ne kan gaba. Kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara, da kimanin mutum 27 a cikin kowane 100,000.

A Nijeriya kaɗai, an ƙiyasta mutum 64,500 ne suka mutu kai tsaye ta wannan hanya a 2019. Ciwon haƙarƙari kuwa, asusun UNICEF ya ƙiyasta ya kashe yara 162,000 a Nijeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa a duniya a shekarar.

Banda rai, akwai dukiya. Ciwon da za a gama da shi a asibitin ƙauye da ƙwayoyi kaɗan, sai ya koma na kwanciya a Malumfashi ko Funtuwa, ko a ce a wuce Shika. Kuɗin mota, kuɗin allura, abincin mai jinya, ga aiki ya tsaya. Akuya ta tafi, hatsi ya tafi, wani har gona yake jinginarwa.

Gwamnati ta san da matsalar. Nijeriya ta fito da shirin ƙasa na yaƙi da ita a 2017, ta sabunta shi a 2024. A watan Satumba na 2024 ƙasashen duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage wannan mutuwa da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Amma takardar Abuja ba za ta shiga ɗaki ta hana a ba yaro ragowar kafso ba. Wannan aikin masu gida ne.

HANYOYI SHIDA DA AKE ƁATA MAGANI

1. Shan kafso don mura, ko ciwon jiki, ko gajiyar aikin gona. Kafso ba ya maganin gajiya, ba ya wanke jini.

2. Sayen magani gutsi-gutsi. An ce a sha na kwana biyar, sai a sayi na kwana ɗaya. Araha ba ta ado.

3. Dakatar da magani da zarar an ji sauƙi, ba tare da izinin ma'aikacin lafiya ba.

4. Raba magani. Na babba a ɓalla wa yaro, na maƙwabciya a ba jariri. Kowane mutum da ƙimarsa, gwargwadon shekaru da nauyi.

5. Sayen magani a faranti ko a bayan mota. Wanda ya yini a rana yakan rasa ƙarfi. Wani lokacinsa ya wuce, wani kuma jabu ne.

6. Zuba ja da rawaya a ruwan kaji, ko yi wa dabba allura ba tare da shawarar malamin dabbobi ba. Ƙwayoyin cutar jikin dabba su ma suna koyon turjiya, kuma suna iya zuwa ga mutum ta nama, da nono, da ƙwai, da kashin da ake kai wa gona. Idan dabba tana kan magani, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka ta ko a sha nononta.

YADDA UWA ZA TA GANE CIWON HAƘARƘARI

Kada wani ya fahimci cewa an ce a guji magani. Yaron da ke da ciwon haƙarƙari yana bukatar magani a ranar, ba gobe ba. Yara da yawa suna mutuwa ne don ba su samu maganin da ya dace a kan lokaci ba. Abin da ake so shi ne a raba mura da ciwon haƙarƙari. Ga yadda ake yi.

A bari yaro ya natsu, ba ya kuka. A ɗaga rigarsa. A dubi agogo ko waya, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga a cikin minti ɗaya.

Jariri ɗan ƙasa da wata 2: idan ya kai 60 ko fiye, numfashin ya yi sauri.

Daga wata 2 zuwa wata 11: idan ya kai 50 ko fiye.

Daga shekara 1 zuwa shekara 5: idan ya kai 40 ko fiye.

Yaro mai tari da saurin numfashi, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Haka idan ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki lokacin jan iska.

Akwai kuma alamun haɗari. Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yana ƙara, ba a jiran gari ya waye. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa, ko wace alama ya nuna, asibiti kai tsaye. Tsofaffi ma a lura da su, domin ciwon haƙarƙari yana saurin kayar da su.

Maigida, a nan akwai magana a kanka. Sau da yawa uwa ta ga alamar tun da safe, amma tana jiran ka dawo daga kasuwa ka ba da izini. Ka ba da izinin tun yau. Ka ce mata, "Ko ba na nan, in kin ga haka ki tafi da shi." Ka kuma ware ɗan abin kuɗin mota a ɗaki.

IDAN AN BA DA MAGANI

Ga yaro mai ciwon haƙarƙarin da bai yi tsanani ba, yawanci ana ba da amoksisilin mai narkewa a ruwa ko a nonon uwa. Ana sha safe da yamma. Kafin a bar asibiti a yi tambaya uku: Guda nawa? Sau nawa a rana? Kwana nawa? A sa ma'aikacin ya rubuta. A gida a riƙa jan layi a takarda duk lokacin da aka ba yaro, har kwanakin su cika.

Idan an kwana biyu ko uku babu sauƙi, ko abin ya ƙaru, a koma asibiti. Kada a je kemis a ce a canza wani mai ƙarfi. Idan ma'aikacin lafiya ya ce mura ce, ba sai an sha kafso ba, kada a ji haushi. Kada a matsa masa sai ya yi allura. Ya san aikinsa.

A wajen saye, a duba kwali. A nemi lambar hukumar NAFDAC. A duba wata da shekarar da maganin zai lalace. Wanda ya koyi karatu da lissafi ya riga ya samu makamin kare gidansa a nan.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Cutar da ba ta kama mutum ba, ba ta bukatar kafso. Duk yaron da aka yi wa rigakafi, an rage wa magani aiki.

Allurar BCG ta tarin fuka ana yin ta da haihuwa. Allurar Penta, wadda ta shigo Nijeriya a 2012, tana kare yaro daga cututtuka biyar, har da mashaƙo, da tarin shiƙa, da wata ƙwaya mai kawo ciwon haƙarƙari. Allurar PCV, wadda aka fara a ƙarshen 2014, tana kare shi daga babbar ƙwayar ciwon haƙarƙari. Su biyun ana yin su sau uku: a mako 6, da mako 10, da mako 14. Sai allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15, domin ƙyanda takan buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. A adana katin kamar takardar gona.

Sauran abubuwan kariya a hannun gida suke. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Yaro ya samu abinci mai gina jiki, ga waken suya da gyaɗa da zogale a gona. A nisantar da goyo daga hayaƙin murhu da wurin sussuka. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. A buɗe taga da rana. Mai tari ya rufe baki, a wanke hannu da sabulu.

KIRA GA MASU KEMIS DA SHUGABANNI

Mai kemis, kai ne mutum na farko da ake zuwa wurinsa a ƙauye. Jama'a sun yarda da kai. Idan aka zo neman kafso biyu don mura, ka faɗi gaskiya. Idan aka kawo yaro mai saurin numfashi ko kumburin wuya, ka tura shi asibiti nan take. Ribar kafso biyu ba ta kai ran yaro ba, kuma 'ya'yanka ma iskar garin nan suke shaƙa.

Masu unguwanni, da limamai, da ungozomomi, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata, maganarku tana da nauyi. A yi ta a wurin suna, a yi ta a majalisa. Ranar 12 ga Nuwamba ita ce ranar tunawa da ciwon haƙarƙari ta duniya. Daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba kuma mako ne na faɗakarwa a kan gagarar magani. Duka sun faɗo a farkon hunturu, daidai lokacin da ake bukatar tunatarwa.

KAMMALAWA

Jama'a, a koma ga manomin nan na farko. Da ya san mura ba ta bukatar kafso, da bai yi ta sayen sa ba. Da matarsa ta san ƙirga numfashi, kuma tana da izinin fita, da yaron ya isa asibiti tun ranar farko. Masararsu ma da tana nan a rumbu.

Sabon magani ba ya fitowa kullum. Yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin a samar da guda ɗaya, kuma idan ya fito ba lallai talaka ya iya sayen sa ba. Wanda ke hannu yanzu shi ne abin tattali. Yau da dare, kowa ya buɗe kwalla da aljihun tebur. Ragowar kafso da tsohuwar kwalbar magani, a fitar da su daga inda hannu zai kai. A duba katin rigakafin yara, a ga wanda ya rage.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya raya zuri'a, Ya sa a ga ƙarshen hunturu lafiya. Wassalamu alaikum.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa kafso ba ya maganin mura?

2. Yaro ɗan wata 8 ya yi numfashi sau 55 a minti ɗaya. Me za a yi?

3. Wata nawa ake shan maganin tarin fuka?

4. A wane mako da wane mako ake yi wa jariri allurar Penta da PCV?